Ɗura Harsashin Dunƙule Mai Sauƙin Naushi: Yadda Maharban Amurka Suke Yi, Mataki-Mataki

A jihohin Amurka irin su Illinois da Iowa da Ohio da New Jersey, an daɗe ana hana farautar barewa da doguwar bindiga mai cin nisa, saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonaki da gidaje kuma suna kusa da juna. Cikin abin da doka ta bar wa maharbi akwai bindigar harbin tsuntsaye, amma a sa mata harsashi mai dunƙulen dalma guda ɗaya maimakon ƙananan ƙwayoyi. Ohio ta sassauta dokar a 2014, Illinois a 2023, duk da haka dunƙule bai bar hannun mutane ba. Matsalarsa ɗaya ce: naushi. Dunƙulen kanti na geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin bututun bindiga) yana dukan kafaɗa dukan da ke sa mutum ya yi harbi biyar ya ce ya gaji, wanda kuwa ba ya atisaye ba zai iya saiti ba. Shi ya sa wasu suke ɗura nasu a gida.

Kafin komai, maganar doka. A Amurka dokar tarayya ta yarda mutum ya ɗura harsashi don amfanin kansa, sayarwa ce take buƙatar lasisi. A Birtaniya lasisin bindigar tsuntsaye bai isa a mallaki dunƙule ba, sai da babban lasisi. A Nijeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera ko haɗa harsashi a gidansa. Saboda haka wannan bayani na wanda yake zaune ne a inda aka halatta aikin, da kuma mai son sanin yadda abin yake.

Mataki na farko: ka yi lissafin naushin a takarda

Ƙarfin da ya tura dalma gaba shi ne ya tura bindiga baya. Abu uku ne ke yanke hukunci: nauyin dunƙule, gudunsa, da nauyin bindigar.

Ɗauki dunƙulen da aka fi sayarwa, mai oza 1, wato giram 28.35, wanda ke fita da gudun ƙafa 1,600 a sakan, kusan mita 488. A bindiga mai nauyin kilo 3.4, idan aka ajiye nauyin matoshi (toshen da ke tsakanin albarushi da dalma) da iskar albarushi gefe, naushin da ke isa kafaɗa ya kai jul 28 (jul ma'aunin ƙarfi ne). Rage gudun zuwa ƙafa 1,200 a sakan, dalmar tana nan yadda take, naushin ya sauko ƙasa da jul 16. An rage kashi ɗaya cikin huɗu na gudu, amma naushi ya ragu da kashi 44 cikin 100, domin shi naushi da murabba'in gudu yake tafiya. In ka koma dunƙule mai 7/8 na oza, giram 24.8, a wannan gudun, ka sauko wajen jul 12. In kuma ka bar mai oza 1 ɗin ka ƙara wa bindigar nauyi ta kai kilo 4, daga kusan jul 16 za ka dawo 13 da ɗoriya.

Ba wani sirri a nan. Harsasan kanti da ake rubuta wa “mai sauƙin naushi” haka aka yi su: na Remington oza 1 ne a gudun 1,200, na Federal kuma 1,300. A ganina, wanda zai harba kwalin harsashi biyu ko uku kawai a shekara ya sayi waɗannan ya huta. Ɗura na gida yana biyan wahalarsa ne ga mai yawan atisaye, ko mai son daidaita harsashi da bindiga guda.

Akwai abin da ake biya. Dunƙule mai gudun 1,200 yana fita da ƙarfin kusan jul 1,900, alhali mai 1,600 ya haura 3,300. Yana saurin faɗuwa, kuma da yake gudun sauti wajen ƙafa 1,125 ne a sakan, ba ya nisa yake saukowa ƙasa da shi. Ga barewa a tazarar mita 50 zuwa 60 ya wadatar. Mai son harbin mita 120 ya nemi wani abu dabam.

Mataki na biyu: ka san bindigarka

Duba rubutun da ke jikin bututu. Zai gaya maka geji da tsawon ɗakin harsashi: inci 2¾, wato milimita 70, ko inci 3, milimita 76. Ana auna tsawon kwanso ne bayan an harba, bakinsa a buɗe. Saboda haka kwanson inci 3 da ba a harba ba zai shiga ɗakin 2¾ lafiya lau, amma in ya tashi buɗewa babu wuri, matsi ya yi sama. Don sauƙin naushi ba ka da wata buƙata da inci 3.

Sannan cikin bututun. Mai santsin ciki yana tafiya da dunƙule irin na Foster, wanda Karl Foster ya fito da shi a Amurka a 1931, mai rami a gindi da nauyi a kai, ko irin na Brenneke, wanda Wilhelm Brenneke ya ƙirƙira a Jamus a 1898, mai matoshi maƙale a bayansa. Zanen da ke jikinsu ba ya juya su sosai kamar yadda ake zato. Nauyin kai ne ke miƙar da su, zanen kuma yana ba dalmar damar matsewa ta wuce ƙuntataccen baki. Bututu mai murɗaɗɗen zane a ciki shi ne na dunƙule mai rigar roba, wadda ke kama zanen ta juya sannan ta yaye a iska. Ga mai santsin ciki, buɗaɗɗen baki ko mai ɗan matsi kaɗan ya fi dacewa. Tsofaffin bindigogi masu bututun naɗaɗɗen ƙarfe irin na ƙarni na 19 ba sa cikin wannan magana sam.

Mataki na uku: zaɓen haɗi, kuma nan ne aikin yake

Harsashi abu biyar ne: kwanso, firaima da ke gindinsa mai kunna wuta, albarushi, matoshi, da dunƙule. Rufin baki ma ana lissafa shi, don yana da hannu a matsi. “Haɗi” shi ne layi guda a littafi da ya ambaci kowanne da sunansa da adadinsa, tare da gudu da matsin da aka auna a ɗakin gwaji. Masu wallafa irin waɗannan su ne masu yin albarushi kamar Hodgdon da Alliant, da kamfanin Lyman a littafinsa na ɗura harsasan bindigar tsuntsaye, da Ballistic Products na Minnesota, da kuma Lee wanda ke sa takardar haɗi a cikin kwalin mazubin dunƙulensa.

Da gangan ba zan rubuta adadin albarushi ko ɗaya ba. Lambar da aka cire daga layinta haɗari ce, domin daidai take ne da kwanso kaza da firaima kaza da matoshi kaza kawai.

Ga dalili. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ma'aunin makamai a Amurka tun 1926, ta ƙayyade matsin geji 12 mai inci 2¾ ko 3 a laba 11,500 kan kowane murabba'in inci. Wannan ƙaramin matsi ne in aka gwada da na doguwar bindiga, wadda ke haura 50,000, kuma bututun bindigar tsuntsaye siriri ne. Mai ɗura harsashin tagulla yana iya duba kwansonsa ya ga alamar matsi ya fara yawa. Kwanson roba ba ya ba da wannan gargaɗi yadda za a dogara da shi. Kana iya wuce iyaka kwanson ya fito sumul, har ranar da ƙarfe zai gaji. Kuma canjin da ido ke rainawa yana motsa matsi sosai. Firaima duk lamba 209 ake kiransu, girmansu kusan ɗaya, zafinsu ba ɗaya ba. Kwanso ma iri biyu ne: mai tsukewa ta ciki zuwa gindi, irin Remington STS, da mai miƙaƙƙen bango, irin na Cheddite da Fiocchi da yawancin na Federal. Sararin cikinsu ya bambanta, matoshin wannan ba ya toshe wancan daidai. Wannan aiki ba miya ba ne da in babu daddawa za a jefa magi a wuce.

Kuskuren da ya fi kama masu neman sauƙin naushi shi ne su ɗauki haɗi mai ƙarfi su rage albarushinsa da ka. Albarushi mai cin wuta a hankali, irin wanda ake sa wa harsashi mai gudu, yana buƙatar matsi kafin ya ƙone da kyau. In aka rage shi ƙasa da abin da aka gwada, sai harbi ya fito da ƙaramar ƙara, gudu ya riƙa hawa da sauka, mafi muni kuma matoshi ko dunƙulen ya tsaya a tsakiyar bututu. Harbi na gaba a kan toshewar nan shi ke fasa bindiga. Hanyar daidai ita ce a buɗe littafi a nemo layin da tun asali aka gina shi don gudun 1,150 zuwa 1,300, da albarushin da ya dace da wannan gudun. Ana rage naushi ne wajen zaɓen layi, ba wajen zuba albarushi ba.

Haka nan kada ka ɗauki haɗin ƙwayoyi mai oza 1 ka musanya da dunƙule mai oza 1 don nauyinsu ɗaya, sai in wanda ya wallafa haɗin ne ya ce a yi. Za ka ci karo da masu cewa sun yi shekaru suna haka lafiya. Ba su da na'urar auna matsi.

Ga wanda ya taso yana ganin bindigar toka a hannun maharban ƙauye, a lura: albarushin zamani marar hayaƙi dabam yake da baƙin albarushin da ake ɗurawa ta baki. Ba a auna shi da ido ko da cokali, kuma in aka zuba shi a bindigar toka tarwatsa ta zai yi.

Tsarin sayayya ma juyawa yake: ka fara zaɓar layi, sannan ka sayi kayan da ya lissafa. In ɗaya ya ɓace a kasuwa, ka sauya layin baki ɗaya.

Mataki na huɗu: kayan aiki da dalma

Injin ɗura mai aiki ɗaya-ɗaya ya isa, irin MEC 600 Jr ko Lee Load-All. Sai sikeli mai auna giren, wato ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi dabam da giram, da 'yan duwatsun gwaji don tabbatar da shi. Laba ɗaya giren 7,000 ce, oza ɗaya 437.5. Sai ma'aunin tsawo, tabarau na kariya, da littafin rubutu. In haɗinka na naɗaɗɗen baki ne, akwai ɗan kan ƙarfe da ake ɗaura wa injin huda don naɗewa.

Dunƙule ana saye, ana kuma zubawa. Lee yana da mazubi na 7/8 da na oza 1, Lyman yana da mai giren 525, wanda ya yi nauyi ga mai guje wa naushi. Mai farawa ya sayi zubabbe, ya rage wa kansa abin lura. Wanda zai zuba da kansa ya yi a waje ko inda iska ke wucewa, da safar hannu da rufin fuska, kuma kada ɗigon ruwa ya kusanci tukunyar, domin dalma tana narkewa ne a digiri 327 na ma'aunin Celsius, ruwan da ya shiga ƙarƙashinta tururi yake zama nan take ya watso ta. Dunƙulen Foster yana son dalma mai laushi. A auna kowanne, wanda ya kauce wa 'yan'uwansa a mayar tukunya. Ba a ci ba a sha a wurin, a wanke hannu da sabulu, yara kuma su yi nisa. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ya buƙatar dogon wa'azi a kan ƙurarta. A California ma tun 2019 an hana farauta da harsashin dalma gaba ɗaya, don haka ka duba dokar jiharka.

Mataki na biyar: ɗurawar kanta

Share teburi. Gwangwanin albarushi ɗaya tak ya kasance a kai, kwalin firaima ɗaya, haɗin kuma a rubuce a gabanka. Babu taba, babu waya, babu hira.

Tantance kwanso. Iri ɗaya, tsawo ɗaya. Mai tsagewa a baki, mai tsatsa a gindi, ko wanda matashin cikinsa ya saki, a jefar. Leƙa ciki da fitila. Kwanson geji 20 a Amurka ruwan ɗorawa ne saboda dalili: in ya shiga bindigar geji 12 zamewa yake ya maƙale a gaba, har a iya ɗora na 12 a bayansa. Kada ya kwana a teburin.

A tasha ta farko inji yana fitar da tsohon firaima ya maido da gindin kwanso girmansa. A ta biyu sabon firaima yana shiga. Shafa da yatsa, ya zauna daidai da gindi, bai turo waje ba.

Sai albarushi. Injin yana da ɗan zobe mai auna shi da cika, amma jadawalin zoben kimantawa ce kawai, abin da ke zubowa yana bambanta da yanayin iska da yadda kake jan hannun injin. Dunƙule ba a ɗura ɗaruruwa, saboda haka ka auna kowane zubi a sikeli. Jera kwansunan a katako mai ramuka, ka haska su duka kafin ka ci gaba: tsayin albarushin ya zama ɗaya, babu wanda aka tsallake, babu wanda aka zuba wa sau biyu.

Matoshi ya sauka har ya zauna a kan albarushi ba tare da gefensa ya naɗe ba. Dunƙule ya bi, a miƙe, kansa sama. Wasu haɗe-haɗen suna kiran a sa faifan kwali ko na toshiya a ƙarƙashinsa don cike tsawo da tallafar gindi; ka sa abin da aka rubuta, da kaurin da aka rubuta. In ka ga tsawon bai kai ba ko ya wuce, kada ka gyara da dabararka. Alama ce cewa wani abu a cikin kayanka ba shi ne na layin ba.

Rufin baki iri biyu ne. Mai ninki, shida ko takwas, shi injin ke yi. Ya fito a shafe, da ɗan zurfi, tsakiyarsa ba rami ba tudu. Naɗaɗɗe kuwa yana barin kan dunƙulen a fili, wanda ke da amfani don ko a duhu ka taɓa ka san ba ƙwayoyi ba ne. Ya fi kyau da sabon kwanso, a hankali, har robar ta ɗan yi ɗumi ta lanƙwasa ta danne dunƙulen. Wanda haɗin ya ambata shi za ka yi. A bindiga mai jera harsasai a bututun ƙasa, kan kowane dunƙule yana fuskantar firaiman na gabansa, don haka dole ya zauna ƙasa da leɓen kwanso.

Girgiza harsashin kusa da kunne. Bai kamata wani abu ya yi motsi ba. Ka tsaya a harsashi goma. Rubuta haɗin da kwanan wata a jikin kwali.

Mataki na shida: gwaji a fili

Tabarau da abin toshe kunne. Rabin abin da mutane ke kira naushi ƙara ce, kuma wanda ya haɗa toshen ciki da na waje yakan ji bindigar ta yi laushi.

Fara a mita 25, harbi ɗaya-ɗaya. Bayan kowanne buɗe bindiga ka leƙa bututu daga baya. Duk harbin da ƙararsa ta bambanta, tsaya. In harsashi bai tashi ba, bar bakin bindiga yana kallon allo na rabin minti kafin ka buɗe. Tsinci matosan da suka faɗi a gaba: wanda gindinsa ya fashe ko ya narke yana gaya maka iska na tserewa, harbin ba zai taru ba. Mai na'urar auna gudu ya gwada abin da ya samu da na littafi. Ɗan bambanci saboda tsawon bututu ba komai, amma tazara mai faɗi tsakanin harbi da harbi matsala ce, sau da yawa daga rufin baki take. Sannan koma mita 50 ka yi rukuni na harbi biyar. In ya warwatse, sauya zuwa wani layin, ba taɓa albarushi ba. In farautarka ta lokacin sanyi ce, kamar yadda take a Nuwamba da Disamba a waɗancan jihohi, ka gwada a sanyin, don haɗi mai ƙarancin matsi ya fi nuna rauninsa a lokacin. Bindiga mai sauya harsashi da kanta tana iya ƙin tofar da kwanso in harsashin ya yi laushi da yawa; wadda ake ja da hannu ba ruwanta.

Zama a benci ka duƙa kan bindiga shi ne mafi zafin yanayi, saboda jiki ba ya samun wurin ja da baya. Ɗaga matashin saitin ka zauna a miƙe, ko ka tsaya ka jingina a sanda. Danna gindin bindiga cikin lungun kafaɗa sosai, kunci a manne, nauyinka a ƙafar gaba. Matashin roba mai kyau a gindin bindiga, irin Limbsaver ko Pachmayr, ba ya rage jul ko ɗaya, amma yana shimfiɗa dukan a kan lokaci mai ɗan tsawo, kafaɗa kuwa wannan take ji. In akwai madubin saiti, ya kasance mai barin tazarar inci huɗu ko kusa da haka tsakaninsa da ido, in ba haka ba gira ce za ta biya.

Akwai gwaji guda da ke nuna ko sabon harsashin ya yi aikinsa. Ba abokinka bindigar ya ɗura maka ba ka gani, wani lokaci da harsashi na gaske, wani lokaci da na wasa marar albarushi. In ka ja kunama a kan na wasa bakin bindiga ya dunguri ƙasa, har yanzu jikinka yana zabura kafin harbi. Sai ka rage yawan harbi a zama ɗaya, ka yawaita jan kunama da na wasan a gida bayan ka tabbatar bindiga babu komai, ko ka sauko zuwa haɗin 7/8 na oza. Wasu a nan suke komawa geji 20, amma a kula: bindigoginsa sun fi sauƙin nauyi, kuma in bindiga ta rage rabin kilo, ribar da aka samu a dalma takan tafi a nan.

Harsasan da suka ci gwaji a ajiye su wuri mai sanyi marar laima, a kulle, nesa da bindigar. Albarushi ya zauna a gwangwaninsa na asali, firaima a kwalinsu, kowanne a wurinsa dabam. Wanda ka yi shakkar abin da ke cikinsa, ko kwalinsa ya rasa rubutu, yanka kwanson ka kwashe kayan, kada ka harba don ka gani.